Amsa ga Malamin da Ya Ce Kwaso Na Yi

Malam, assalamu alaikum.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: in har zanena yana da ma'ana, me ya sa na baje littattafan da nake rubutu da hannu a gefensa? Ka ƙara da cewa rashin iya zana fuskar mutum ne ya sa na fake da launuka da surutun da na kwaso wurin Turawa.

Maganar fuska ba zan daɗe a kanta ba. Da zanen fuskokin mutane na ci abinci shekara da shekaru, ɗalibaina kuma suna nan da ransu.

Kalmar "kwaso" ce ta yi mini zafi. Da ka buɗe ko shafi ɗaya, da ka ga da Hausa na rubuta, wani wurin ma da ajami. Abin da ya faru a gaban allo nake rubutawa: shuɗin da na ɗora kan ja tun bai bushe ba ya dagule, layin da ya raba allo biyu ya kashe masa motsi, dalilin da ya sa na shafe aikin da kowa ya yaba. Masu wannan sana'a sun saba da haka. Paul Klee ya bar shafi kusan 3,900 na darussan da ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus daga 1921 zuwa 1931. Hilma af Klint, 'yar Suwidin, ta bar fiye da shafi 26,000, kuma da su aka gane zanen da ba ya kwaikwayon kamannin wani abu da ta fara tun 1906, bayan ta rasu a 1944.

Wa ma ya ce maka zanen da ba kamannin mutum na Turawa ne? Dagin Arewa fuskar wa ce? Aska takwas a ƙirjin babbar riga fa, ko zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya? Nan ne ciwona yake. Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya, almajiran magina sun gāji aikin baki da baki, mu 'yan boko ba mu zauna mun rubuta tunaninsu ba. Yau ana rushe gidajen ana zuba siminti, ilimin yana bin tsofaffin kabari. Wanda ya ɗauki biro don kada nasa ya salwanta, shi ka zaɓa ka ci wa fuska, kuma sai da ka ji an gayyace ni baje kolin da kake nema tukuna tambayar ta zo maka.

Littattafan suna nan ɗakin aikina. Ka zo ka nuna mini shafin da na kwaso, da wanda na kwaso a wurinsa.

Wassalam.