Allurar Ƙarfin Maza da Zuciyar Dattawanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin dattawa a nan Jos, wato yin allurar sinadarin maza, testosterone, ba tare da ganin likita ba.

Kawuna, ɗan shekara 64 mai fama da hawan jini, ya shafe wata huɗu ana yi masa wannan allura a wani kemis, saboda kasala da raunin mazakuta da kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Ba mu ankara ba sai ranar da muka tarar da shi a zaure bayan la'asar, ya dafe ƙirji, gumi na keto masa duk da sanyin Jos. A asibiti aka gano jininsa ya yi kauri, wanda sanannen lahani ne na allurar, kuma ashe ciwon suga ne tushen damuwarsa tun farko.

Masu sayar da ita kan ce ai bincike ya wanke ta. Gaskiya ne a 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka mai suna TRAVERSE, kan maza fiye da 5,000 masu shekara 45 zuwa 80, kuma bai nuna ƙaruwar ciwon bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Sai dai waɗannan mutane an tabbatar ta gwajin jini cewa sinadarin nasu ya yi ƙasa, na shafawa aka ba su, likitoci kuma suna bibiyarsu. Duk da wannan kulawa, an fi samun rikicewar bugawar zuciya, daskarewar jini a huhu da matsalar ƙoda a cikin waɗanda suka shafa maganin. To ina ga dattijon da ake tsira wa allura a kemis, ko awon jini ba a yi masa ba?

Sinadarin kan ragu a hankali idan shekaru suka ja, kuma ba a tabbatar da ƙarancinsa sai an ɗibi jini da safe har sau biyu. Abin da ya fi damuna shi ne raunin mazakuta kan zama alamar farko ta toshewar jijiyoyin zuciya, allurar kuwa sai ta ɗauke hankalin mutum daga neman asalin cutar.

Ina kira ga hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, da ta sa ido kan sayar da wannan allura ba da takardar likita ba. Kai kuma, Malam Edita, don Allah ka nemo mana likitan zuciya daga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ya yi wa iyayenmu bayani da Hausa a wannan shafi.

Naka mai karatu,
daga Unguwar Rogo, Jos.