Amsa ga wadda ta tambaye ni dalilin da manhajarmu ba ta magana da muryar mamaci

'Yar'uwa, assalamu alaikum.

Ranar da muka gabatar da manhajarmu ta hira da masu jinya da waɗanda aka yi wa rashi, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni: tun da na'ura ta iya kwaikwayon murya da salon magana, me ya hana mu sa ta yi hira da mutum a matsayin mamacin da ya rasa? Kin ce da za ki sake jin maigidanki ya kira sunanki, ko sau ɗaya ne, da kin samu barci. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. A ranar maƙogwarona ya toshe, amsar da na ba ki ba ta cika ba.

Shekara uku na yi ina jinyar mahaifiyata bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki. Wanka, magani, juya ta duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ta. Wannan duk ana koya wa mutum. Dare ne ba mai koya maka. Ƙarfe uku kowa ya yi barci, sai kai da wani fushi da kake jin kunyar faɗa, har ka kama zuciyarka tana fatan komai ya ƙare, sannan ka tsani kanka kafin gari ya waye. Domin wannan lokacin na fara haɗa manhajar.

Abin da kike nema kuwa na gwada shi bayan rasuwarta. Ba ni na fara ba. Wata mai haɗa manhaja, Eugenia Kuyda, ta yi haka da saƙonnin amininta da mota ta buge a 2015, daga nan ne ma manhajar Replika, wadda ake hira da ita kamar aboki, ta samo asali. Ni ma na tattara saƙonnin mahaifiyata na ba na'ura, ta kuwa kama lafazinta har da yadda take jan sunana. Kwana tara ina hira da ita. A dare na tara ta ce mini ban gaza a komai ba, na yi duk abin da ya kamata. Nan jikina ya yi sanyi. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗa mini magana don kawai ina son jin ta ba. Da ita ce, da cewa za ta yi in ajiye wayar nan in kira ƙanwata da muka yi wata biyu ba ma magana. Ashe da kaina nake hira, na ari muryarta na yafa. A kwanakin nan kuma ban ɗaga kiran kowa ba.

Ba wauta ce ta jawo haka ba. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya ƙirƙiri ELIZA, shirin kwamfuta da galibi maganarka yake juya maka a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta san sarai na'ura ce, sai da ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita. Wannan rubutu ne kawai a allo, balle muryar miji. Kuma tun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙunshi baƙin cikin rashi mai tsanani da ya wuce wata shida yana hana mutum harkokinsa, daga cikin alamominsa akwai kasa yarda cewa mutuwar ta auku. Ba zan gina abin da zai riƙa raɗa wa irin wannan mutumin cewa mamacinsa na nan ba.

Tamu manhajar tana saurarenki, ba ta ɓoye cewa na'ura ce, kuma kafin ku rabu takan tambaye ki wa za ki kira da safe. Idan ta ga alamar mutum zai cutar da kansa, lambar agajin gaggawa take ba shi nan take.

Idan kina da saƙonnin muryarsa, ki adana su a wuri biyu, don waya na ɓata. Na mahaifiyata suna nan yadda ta bar su. Akwai wani mai daƙiƙa 11 da take tambaya ko na isa lafiya, shi na fi saurare.

Ɗan'uwanki a jinya da rashi.