Wasiƙa daga Bronx: Attajirin da Ya Riƙe Mana Gari

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗaki da yara. Ka tambaye ni ko attajiri zai iya riƙe gari bisa amana. Wanda na gani da idona shi ne Michael Bloomberg, magajin garin New York daga 2002 zuwa 2013.

Ba ɗan masu kuɗi ba ne, mahaifinsa akawu ne a wani kamfanin madara. Ya yi shekara 15 yana aiki a wani bankin saka jari mai suna Salomon Brothers, a 1981 suka sallame shi da dala miliyan 10. Da su ya kafa kamfanin na'urar da ke nuna wa 'yan kasuwar hannun jari farashi nan take, daga nan arziki ya buɗe. Da ya hau mulki, dala ɗaya tak yake karɓa albashi a shekara.

Mu direbobi ba za mu manta da shi ba. Da, ɗaukar fasinja a bakin titi haƙƙin tasi mai ruwan ɗorawa ne kawai, su kuwa ba sa leƙo Bronx, yankinmu a nan New York. A 2013, a zamaninsa, aka fito da koriyar tasi, wadda aka ba izinin ɗaukar fasinja a bakin titi a yankuna irin Bronx. Ranar da wata tsohuwa ta ɗaga min hannu na tsaya ba tare da waige-waige ba, wallahi sai da na yi hamdala a fili. A 2010 kuma, da ake ta hayaniya kan gina masallaci kusa da inda aka kai harin 11 ga Satumba, ya tsaya kai da fata cewa Musulmi na da haƙƙi.

Amma abin da ke damuna, aminina, bai cika jin kukan talaka ba. A 2011 kaɗai 'yan sanda sun tare mutane a titi sau fiye da 680,000 suna caje da yawa daga cikinsu, akasari baƙaƙe da 'yan Latino, wato 'yan asalin Latin Amurka, mafi yawansu ba a same su da komai ba. Iyaye sun yi ta kuka, ya kafe. Sai 2019 ya nemi afuwa, yana dab da neman shugabancin Amurka. Ga shi ya sa aka sauya doka don ya yi wa'adi na uku, wannan ma har yau bai kwanta min ba.

Ka gaida min Hajiya, ka ce saƙonta na nan tafe.

Naka amini.