Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan maganin iboga

Mai girma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, roƙonmu ɗaya ne: a kafa doka kan ibogen tun kafin masu tallan "maganin daina shaye-shaye a dare ɗaya" su riga hukuma shiga gidajen mutane.

Ibogen sinadari ne da ake cirowa daga ɓawon saiwar iboga, ɗan itacen da mabiya addinin Bwiti na Gabon ke ci a bikin shigar da sabon mabiyi. A 1962 wani matashi a New York, Howard Lotsof, wanda ya kamu da hodar heroin, ya sha shi, ya ga ciwon daina sha bai taso masa ba. Daga nan labarin ya bazu. Amurka ta haramta shi, dakunan shan magani masu zaman kansu a Mekziko suka ci gaba da bayarwa, sai ga shi a Yunin 2025 jihar Texas ta ware dala miliyan 50 don gwada shi a kimiyyance. Mu kuma a Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 na shan tiramol, kodin da danginsu ba da umarnin likita ba. Uwar da ta gaji da ɗanta za ta sayar da gona idan aka ce mata ga waraka. Kuma ana iya haɗa ibogen daga ɓawon Voacanga africana, itacen da ke fitowa a dazukan Afirka ta Yamma.

Ba ma musun amfaninsa. Sha ɗaya yakan kwantar da gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da ƙishirwar ƙwaya da ke addabar mai daina sha. Matsalar tana zuciya. Ibogen yana toshe ƙofar da sinadarin fotasiyam ke fita daga ƙwayoyin zuciya, sai tazarar QT (lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta sake shirin bugu na gaba) a gwajin bugun zuciya na ECG ta yi tsawo, bugun ya rikice, mutum ya faɗi. A wani gwaji a Holan an ba mutum 14 miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki, ƙasa da abin da ake bayarwa a wurare da yawa, amma rabinsu tazarar ta haura milisakan 500, matakin da ake ɗauka na haɗari. Wani nazari na 2012 ya tattara mutuwar mutum 19 tsakanin 1990 da 2008, wasu bayan awa ɗaya da rabi, wasu sai bayan kwana uku, domin hanta tana mai da shi noribogen, wanda ke daɗewa a jini. Wanda aka sallama da safe don ya farfaɗo daga gane-ganen da ibogen ke sawa bai tsira ba tukuna.

A wajenmu haɗarin ya ninka. Kwinin da lumefantirin na maganin zazzaɓin cizon sauro, sifurofuloksasin na kashe ƙwayoyin cuta, da alurar halofaridol da ake yi wa mai fisge-fisge, duk suna tsawaita QT. Mai daina sha yana amai da gudawa, fotasiyam da maganiziyam ɗinsa sun zube. Tiramol kuwa da kansa yana jawo farfaɗiya, kuma hanya ɗaya suke bi da ibogen a hanta. Garin saiwa ya fi muni, don babu mai sanin yawan sinadarin da ke cikin cokali guda. Sannan bayan magani jiki ya manta da ƙwayar; yaron da ya koma kan adadin da ya saba sha, numfashinsa na iya tsayawa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, NAFDAC ta fito fili ta ce iboga ba ya cikin magungunan gargajiya da za a yi wa rajista a sayar a kwalba. Idan za a gwada shi, a yi a asibitin koyarwa, ƙarƙashin kwamitin ɗa'ar bincike, likitan zuciya da na ƙwaƙwalwa suna tare. Kafin a ba kowa, a yi ECG, a auna hanta, ƙoda da gishirin jini, a cire mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai taɓin hankali da mai juna biyu. Mai shan mesadon, maganin da likita ke bayarwa a madadin ƙwaya, sai an sauya masa magani an jira ya fita daga jikinsa. Na'urar bibiyar zuciya ta kasance a jikin majinyaci aƙalla kwana uku, da maganiziyam na allura da na'urar farfaɗo da zuciya a gefen gado, da janareto mai mai.

Kafin nan, mesadon da bufurenofin, magungunan taimaka wa mai daina ƙwaya, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005. A wadata asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware da Maiduguri da su, a sa naloksan, maganin ceto wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi, a kowane ɗakin gaggawa na babban asibitin ƙaramar hukuma.

Allah Ya taimake ka.

Daga wasu likitocin zuciya da na ƙwaƙwalwa da masana haɗa magunguna