Godiya ga Jami'an Kare Haƙƙin Fasinja na Filin Jirgin Malam Aminu Kano

Zuwa ga Sashen Kare Haƙƙin Fasinja,
Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA,
Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Na ga ya fi dacewa in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a maimakon in kawo ta ofishinku cikin ambulan. Yabon gwani ya zama dole, ga shi kuma ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan ba kasafai yake jin an ambace shi ba sai in an tashi zagi. Ban da wannan, na lura da yawa cikin mutanenmu masu bin filin nan, 'yan Umara da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti Masar ko Indiya, ba su ma san da ku ba. In abu ya same su sai dai su ce Allah ya isa, su kama hanyar gida.

Abin da ya haɗa ni da ku shi ne dawowar mahaifiyata daga Umara. Jirginsu ya yada zango a wata ƙasa, aka sauya musu wani, suka sauka Kano da la'asar sakaliya. Jaka biyu ta auna a Jidda, ɗaya ta fito, ɗaya shiru. Bel ɗin kaya ya yi ta zagayawa har ya tsaya. Wakilin kamfanin jirgin, wanda ba zan ambaci sunan kamfaninsa ba, ya ce mu je gida mu dawo jibi, in sha Allahu za ta zo a jirgi na gaba. Hajiya ta gaji, ƙafafunta sun kumbura, ga 'yan taro suna ta kiran waya daga waje. Ta ce a tafi kawai, abin da yake rabonta ba zai wuce ta ba.

Muna cikin haka sai ga wata jami'arku. Ta rusuna ta ce, "Mama, sannu da hanya, an dawo lafiya? Ina 'yar takardar da aka liƙa miki lokacin awon kaya?" Hajiya ta ce, "Wace takarda, 'yata?" Aka zazzage 'yar jakar hannunta a kan kujera: carbi, dabino a leda, katin allurar shawara, fasfo. Can a bayan takardar shiga jirgi aka ga sitika biyu, har ɗaya ta fara ɓanɓarewa. Jami'ar ta daidaita lambar ɗaya da ta jikin jakar da ta iso, ta ɗaga ɗayar ta ce wannan ita ce shaidarmu, kada mu yarda ta bar hannunmu. Ta sa aka kawo wa Hajiya kujera, ta raka ni teburin wakilin nan, ta tsaya har ya ciro fom ɗin rahoton kayan da ba su iso ba, ya cike launin jakar da girmanta da adireshinmu, ya ba ni kwafi mai ɗauke da lambar bibiya. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Shi ma da ya ga wadda ke tsaye, maganar jibi ba ta sake fitowa daga bakinsa ba.

A nan ne ta yi mini bayanin da nake so kowane matafiyi ya ji. Duk wanda ya fita daga zauren ɗaukar kaya bai cike wannan fom ba, ya raunana hujjarsa da kansa, domin kamfani zai iya cewa ba a sanar da shi ba. Dokokin sufurin jiragen sama na Najeriya na 2023, kashi na 19, sun wajabta wa kamfani ya bai wa fasinjan da kayansa suka makara kuɗin biyan buƙatun gaggawa: naira 10,000 a tafiyar cikin gida, dala 170 a ta ƙetare. Kuma in jakar ta iso, kamfanin ne zai kai ta inda fasinja yake, ba fasinja ne zai riƙa safa da marwa tsakanin gida da filin jirgi ba. A tafiyar ƙetare akwai kuma Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta. Jakar da ta kwana 21 ba ta zo ba ana ɗaukarta a matsayin ɓatacciya, sai maganar diyya. In kuwa ta zo a fashe ko a karye, kwana 7 kacal mutum ke da shi ya kai koke a rubuce.

Jakar Hajiya ta iso bayan 'yan kwanaki, har ƙofar gida, tsarabar jikoki ba abin da ya taɓa ta. Kafin nan jami'ar ta kira ni da kanta ta ji ko kamfanin ya tuntuɓe mu. Wannan kiran ya fi komai tsaya mini a rai, don babu wanda zai tuhume ta da ba ta yi ba.

Tunda na samu fili, bari in isar wa 'yan'uwana abin da na ƙaru da shi. Magani, musamman na hawan jini da na sukari, a jakar hannu ake sa shi, haka kuɗi da gwal da takardu. Fawa-bank ma a hannu ake riƙe shi, an hana sa shi cikin kayan awo saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. A ɗauki hoton jaka da na sitikarta da waya kafin ta shige. 'Yan Umara sukan sayi jaka iri ɗaya a shago ɗaya, to a rubuta suna da lambar waya ciki da waje, a ɗaura ƙyalle mai launi. Wanda zai yi tafiya da tsoho ko mara lafiya ya nemi keken turawa tun wajen sayen tikiti, ko aƙalla kwana biyu kafin tashi.

'Yan kasuwarmu na Kwari da Farm Centre su ne na fi ji wa. Diyyar kayan da suka ɓata tana da iyaka, kuma iyakar ba ta duba abin da ke cikin jakar. Wanda ya cika akwati da wayoyi ko leshi mai tsada daga Dubai ko Guangzhou, in akwatin ya salwanta, abin da za a ba shi ba lallai ya kama ƙafar jarinsa ba, sai fa in ya bayyana darajar kayan tun wajen awo ya biya ƙarin da aka yanka masa. Mafi yawanmu ƙoƙarin rage kuɗin kilo muke yi, ba ma tuna wannan. Rasit ɗin sayayya kuma a adana shi, ranar da za a nema ba a sanarwa.

Sai maganar jinkirin tashi, wadda ita ce ta fi haddasa hayaniya a filayenmu, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hazo ke rufe Arewa. Na sha ganin magidanci da girmansa ya tasa yarinyar da ke kan kanta da faɗa, kamar ita ta turo ƙurar daga Sahara. In nisan da matuƙi zai iya hangowa bai kai ƙa'idar da aka gindaya wa filin ba, ba zai tashi ba, ba zai sauka ba, kuma ni dai na fi son matuƙin da zai ɓata mini rana a kan wanda zai yi kasada da raina. Jinkirin da yanayi ya jawo ba a biyan diyya a kansa. Sai dai ba kowane jinkiri ne na hazo ba, wani na kamfani ne, ko jirgi ya samu matsala ko an haɗe fasinjojin tashi biyu a ɗaya. A tafiyar cikin gida doka ta ce in an kai awa 2 a ba fasinja abin taɓawa, in an kai awa 3 yana da ikon ya ce ya fasa a mayar masa da kuɗinsa, in kuma abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba a nema masa masauki da motar kai shi. Wanda ya biya ta banki, cikin kwana 14 ya kamata kuɗinsa su dawo. Fasinja ba shi da hanyar tantance wane jinkiri ne na Allah, wane ne na mutum. Ku kuna da ita, shi ya sa zamanku a wurin yake da amfani. Minti biyar a teburinku da tikiti a hannu ya fi awa guda ana buga kanta.

Ina da roƙo guda. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, kuma har gobe akasarin masu bin wannan fili da Hausa suke tunani, har da baƙinmu daga Maraɗi da Damagaram da ke zuwa nan su tashi. Don Allah a rubuta waɗannan haƙƙoƙi da Hausa, da boko da ajami, a kafa a zauren ɗaukar kaya da wurin jiran tashi, tare da lambar da za a kira. In da hali a shiga gidajen rediyon Kano gab da azumi, lokacin da 'yan Umara ke tururuwa, a yi wa mutane bayani irin wanda aka yi mini a tsaye. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye ma a ja hankalinsu su riƙa faɗa wa tsofaffin da suke ɗauka amfanin 'yar sitikar nan tun kafin a bar gida.

Ina roƙon shugaban sashen ya isar da godiyata da ta iyalina ga jami'ar da ke bakin aiki a wannan yammaci da sauran abokan aikinta. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku haƙuri da mu, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan'uwa daga Gwammaja, Kano.