Bolar birni ta zama leda zalla, ku taɓo mana zancen taki a shirin noma

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a.

Ni manomi ne a nan ɓangaren Gezawa kuma ba na wuce shirinku na noma, sai dai kullum in an zo zancen taki a kan farashin yuriya da kamfa ake tsayawa har a rufe shiri. Eh tsadar gaskiya ce, a 2017 bayan gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar taki da Maroko buhu ₦5,500 aka tsayar, yanzu kuwa tun bayan yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da cire tallafin mai a 2023 kowa ya san kuɗin da ake kira a kasuwa. Amma Malam, kakanninmu da me suka noma gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ba hutu ba sauyi?

Ina yaro da rani baba yakan ɗora wa jaki itace mu shiga birni, a dawowa kuwa mangala cike take da taki, toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida, a zo a jibge tsibi tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. Birni ya ci hatsinmu ya mayar mana da taki. Bara na ce bari in koma wa wannan, na sayi tifa ɗaya ta bola, wallahi da aka juye sai da na riƙe baki, ledar fiya wata ce da famfas da fasassun kwalabe da matattun batira har da sirinji, kwana uku ni da yara muna tsinta kuma duk da haka wata tunkiyata ta ci leda ta kumbura sai yankawa aka yi, da aka buɗe tumbin dunƙulen leda ne kamar ƙwallo. Takin na nan a ciki fa, ƙasar da ta rage baƙa ce mai kyau, matsalar ba mai raba shara tun daga gida. Da ɓawon doya da ragowar tuwo da toka suna gefe guda leda na gefe guda da ba haka ba.

Sai kuma wanda mutane ba sa son a faɗa, wato masai. Na san wani zai ce tir, amma ina motocin kwasar masai suke kai abin da suka zuƙo? Da yawa a kwata ko bayan gari ake juyewa, damina ta wanko shi cikin rijiyoyi sai a wayi gari ana amai da gudawa. A Tamale ta Ghana manoma da kansu suke biyan direbobin motocin su juye musu a gona da rani, rana ta busar da shi wata da watanni kafin shuka. A Tema kuma, can Ghana, a 2017 aka buɗe masana'antar haɗa shi da shara a ruɓar da shi ya zama taki a buhu mai suna Fortifer. Ba sai mun je nesa ba ma, 'yan uwanmu na Nijar a Agiye cikin jihar Maraɗi fitsari suke tarawa a jarka a toshe baki a ajiye, suna ce masa takin ruwa, na shaddar da ya bushe kuma taki busasshe. Matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya a can Maraɗin su kuma Oga suka raɗa wa fitsarin don a daina jin nauyin sunan, kuma gwajin da aka yi a gonakinsu na gero ya nuna ƙarin amfani kusan kashi 30 cikin 100. Ba abin mamaki ba ne, sinadarin yuriyar da muke bin layi a kai ai shi ne a cikin fitsari.

Abin da nake tsoro shi ne a ji wannan a ɗebo ɗanye a watsa wa latas da kabeji. Ɗanyen bahaya na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta, dole sai ya daɗe ya ruɓe ya bushe, ana zuba toka, har wari ya tafi ya koma kamar ƙasa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce fitsarin da aka tara daga gidaje da yawa a ajiye shi har wata 6 in za a sa wa kowane irin amfani, kuma a bar wata guda tsakanin sa taki da girbi. A gindin shuka ake zubawa a rufe da ƙasa, ba a kan ganye ba. Wannan bayanin ne manomi ba ya samu, shi ya sa na rubuto.

Akwai kuma zancen najasa, maƙwabcina ya rantse ba zai ci tuwon geron da aka noma haka ba. Ni dai a karatun zaure na ji cewa a Malikiyya shukar da ta tsiro a kan najasa mai tsarki ce, amma ni ba malami ba ne, gara a ji daga bakin masu abin.

To roƙona Malam Edita, ku ware mako ɗaya ku zaunar da malamin gona da ma'aikacin lafiya da malamin fiƙihu, ku kuma gayyato ɗaya daga cikin masu kwasar masai don shi ya san inda ake juyewa, sannan ku buɗe layin waya. In da hali a yi shi kafin bazara, lokacin ne muke kai taki gona.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
wani manomi daga Gezawa, jihar Kano