Barbaɗa riɗi a saman biskit ba ya mayar da shi magani

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana da 'yan uwana iyaye mata, har da mazan da ke shiga kicin don na san akwai su, a kan wannan yayin da ake yi na gasa biskit a gida a zuba masa riɗi da 'ya'yan kabewa da ciya (chia, wasu ƙananan 'ya'yan tsiro) da sauransu a ce wai na lafiya ne. Ni ma ina yi, kusan duk sati sai na gasa wa yarana, don haka ba kushewa na zo yi ba, amma akwai abun da yake damuna a yadda ake koyar da shi a bidiyoyin da ake turawa a waya. Za ki ga mace ta zuba fulawa kofi biyu, suga kofi guda cur, bota mai yawa, ta kwaɓa, can a ƙarshe sai ta ɗauko riɗi ta ɗan barbaɗa a sama kamar kwalliya, sannan ta ce yara su ci iya cinsu ai mai gina jiki ne. Toh fisabilillahi wannan ai biskit ɗin da muka sani ne, hula kawai aka sa masa.

Abun da ya kamata mu fara dubawa shi ne sugan. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sugan da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, wanda ga babba ya kama wajen giram 50 kenan, kamar cokalin shayi 12, kuma suka ce in an iya saukowa ƙasa da kashi 5, wato wajen giram 25, ya fi. Wannan fa lissafin babba ne, na yaro bai kai haka ba. Kofi guda na suga kuwa giram 200 ne, in kika fitar da biskit 20 daga kwaɓin, kowanne na ɗauke da giram 10, yaro ya ci uku ya sha shayi mai suga a kai, an gama da lissafin ranar tun kafin azahar. Kuma masu cewa ai ni zuma nake sawa ba suga ba, ku yi haƙuri, a lissafin hukumar nan zuma ma a layi ɗaya take da suga, haka ruwan 'ya'yan itace da aka tace. Zuma tana da daɗin ƙamshi, ban musa ba, amma haƙorin yaro bai san bambancin ba.

Sai dai kuma kar a yi irin wautar da na yi a farko, na ce tunda suga ne matsala bari in cire shi gaba ɗaya. Wallahi abun da ya fito daga oben ɗin nan ko kaza ba za ta tsattsaga ba, fari fat, ga tauri, babbar 'yata ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa a tebur tana dariya. Daga baya na gane ashe suga ba zaƙi kawai yake bayarwa ba, shi ke sa kwaɓin ya baje a faranti, shi ke sa ya yi ja ya yi ƙamshi in ya ji wuta, kuma yana riƙe danshi. Abun da ya yi min aiki shi ne ragewa a hankali, na fara cire kashi ɗaya cikin huɗu babu wanda ya lura, bayan wasu satuttuka na ƙara ragewa, yanzu haka abun da nake sawa bai kai rabin na da ba kuma yaran nan in suka ci na leda cewa suke ya cika zaƙi. Harshe yana sabawa, lokaci kawai yake so. Nunanniyar ayaba da aka dama ko dabino da aka jiƙa aka markaɗa suna taimakawa wajen cike gurbin, amma su ma da zaƙinsu, kuma ayaba tana sa biskit ya yi laushi kamar kek, in ƙaras-ƙaras kike so ki rage ta.

Yanzu ga su 'ya'yan da ake ta magana a kai. Kowanne da halinsa, ba a haɗa su a yi musu kuɗin goro. Wanda aka fi yi wa kuskure shi ne filaks, ɗan ƙaramin nan mai santsi ruwan ƙasa mai sheƙi. Yana da man omega 3 irin na tsirrai da faiba mai yawa, abun nan da ke taimaka wa ciki wajen sarrafa abinci, wajen giram 27 a cikin giram 100, amma ɓawonsa tauri ne da shi, in aka ci shi yadda yake yawanci haka zai wuce ta ciki ya fita bai narke ba, kin ga an yi asarar kuɗi kenan. Dole sai an niƙa. To kuma da zarar an niƙa man da ke ciki ya haɗu da iska sai ya fara lalacewa, ni na taɓa niƙa mai yawa na ajiye a kwalba kusa da murhu, bayan 'yan makonni na yi biskit da shi duk ya fito da ɗaci-ɗaci da warin tsohon mai, haka na zubar da tire guda raina na ƙuna. Yanzu kaɗan nake niƙawa a bilenda, na sati ɗaya ko biyu, in rufe in sa a firij. Wani amfaninsa kuma, in ƙwai ya ƙare miki ko akwai yaron da ƙwai ba ya karɓarsa, babban cokali 1 na niƙaƙƙen filaks da cokali 3 na ruwa, ki bar shi kamar minti 10 zai yi yauƙi, yana riƙe kwaɓi kusan yadda ƙwai ɗaya ke yi.

Ciya kuma, wadda asalinta daga Meziko da Gwatamala ne, tun zamanin mutanen Aztek ake cinta, ita ba sai an niƙa ba amma tana shan ruwa sosai, kusan ninki 10 na nauyinta. In kika zuba da yawa a kwaɓi ba ki ƙara ruwa ko madara ba za ta shanye danshin kaf biskit ya fito a bushe yana marmashewa, cokali ɗaya ko biyu ya isa. Kuma don Allah kar a ba yaro busasshiyarta da cokali ya haɗiya, tana kumbura in ta haɗu da ruwa.

Riɗi shi ne na fi so gaskiya saboda ƙamshi, in aka ɗan soya shi a busasshen kasko da wuta kaɗan ana juyawa har ya fara tsalle, ƙamshin kaɗai yana sa a manta an rage suga. Amma masu cewa a ci riɗi don ƙarfin ƙashi su sani, yawancin kalsiyam ɗin a ɓawon yake. Wanda ba a cire wa ɓawo ba yana da sama da miligiram 900 a giram 100, farin nan tas da aka sheƙe ɓawonsa kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na hakan bai kai ba. Mai ɓawon yana da ɗan ɗaci, shi ya sa nake haɗa su rabi da rabi. 'Ya'yan kabewa su kuma furotin ne da su, wajen giram 30 a giram 100, ga zinki da magniziyam da sinadarin ƙarfe, ni su nake ɗan daddakawa ba su yi gari ba don a ji su a baki.

'Ya'yan sanfulawa kuwa, furen nan da ake tatsar man girki daga 'ya'yansa, sun taɓa ba ni tsoro. Na niƙa su na haɗa da bekin soda na gasa da yamma lafiya lau, da safe na karya ɗaya sai na ga cikinsa kore shar, na ce shikenan fumfuna ce ko wani abu ya faɗa ciki, saura kaɗan in juye a shara. Ashe wani sinadari ne a cikin 'ya'yan, kulorojenik asid ake ce masa, in ya haɗu da bekin soda sai ya koma kore bayan biskit ɗin ya huce, ba ya cutarwa ko kaɗan. In ba ki so ki rage sodar ko ki koma bekin fauda, ko ki ɗiga ruwan lemon tsami a kwaɓin. Nawa yaran ma yanzu roƙo suke a yi musu mai koren. 'Ya'yan sanfulawa ne kuma suka fi sauran bitamin E.

Ga inda nake so a fahimce ni sosai Malam Edita. Duk 'ya'yan nan mai ne a cikinsu, riɗi da sanfulawa kusan rabin nauyinsu mai ne, giram 100 na kowannensu ya haura kalori 550, kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci. Mai ne mai kyau, eh, amma giram ɗaya na mai kalori 9 ne ko daga ina ya fito. Don haka in kin bar bota da fulawa da suga yadda suke sannan kika ƙara kofi guda na 'ya'ya a kai, biskit ɗinki ya fi na da nauyi ne a jiki. Dabarar ita ce su shigo su karɓi gurbin wani abu, a rage fulawa a sa niƙaƙƙen filaks, a rage bota tunda riɗi ya kawo nasa man. Haka ita ma fulawar, rabi fara rabi garin alkama da ba a cire wa dusa ba, don shi faibarsa ta ninka ta farar fulawa wajen sau uku. Kar dai a yi da garin alkama zalla a karon farko, yara za su ƙi ci, kuma yana shan ruwa fiye da fulawa, sai an bar kwaɓin ya huta kamar minti 30, a firij in da hali, kafin a gasa.

Ga yadda nake nawa ga mai so ta gwada. Fulawa rabin kofi, garin alkama rabin kofi, ot (oats ɗin nan da ake damawa kamar kunu) kofi 1, niƙaƙƙen filaks babban cokali 2, soyayyen riɗi cokali 3, 'ya'yan kabewa da na sanfulawa kwatan kofi kowanne, bota giram 100, suga giram 60, ƙwai 1, bekin fauda cokalin shayi 1, ɗan gishiri kaɗan, da kirfa in kina so don tana sa a ji kamar akwai zaƙi. Ki buga bota da suga su haɗu, ki sa ƙwai, sannan ki juye busassun kayan ki juya da muciya har su haɗe kawai, kar ki yi ta murzawa kamar kwaɓin burodi zai yi tauri, in kin ga ya bushe ki sa madara cokali biyu. Ki mulmula ƙanana ki danna su da bayan cokali don irin wannan kwaɓin ba ya bajewa da kansa, oben a digiri 175 zuwa 180 na Salsiyas, minti 10 zuwa 12, da gefen ya yi ja ki sauke ko da tsakiyar da ɗan laushi, zai ƙarasa a kan tiren. Ina samun guda 24, kin ga kowanne sugansa giram biyu da rabi kenan, amma duk da haka da na zauna na lissafa kowanne ya kai kusan kalori 100, shi ya sa a gidana biyu ne rabon yaro, da ruwa ko madara, ba a ajiye robar a inda hannu zai kai.

A kan bota ko majarin, ki karanta bayan roba. Akwai man da ake daskararwa a masana'anta mai ɗauke da abun da ake kira tirans fat, wanda ke da alaƙa da ciwon zuciya, tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ke kiran ƙasashe su kawar da shi daga abinci. Kuma jerin kayan haɗi da ake rubutawa a jikin kaya daga mafi yawa ake farawa, in kin ga suga a na farko ko na biyu kin san inda aka dosa.

Sai maganar ƙananan yara wadda masu bidiyon nan ba sa faɗa sam. Yaron da bai kai shekara 5 ba kar a ba shi biskit mai 'ya'yan kabewa ko sanfulawa guda-guda, suna iya maƙale masa ya shaƙe, a niƙa masa su zama gari. Jaririn da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma ko da a cikin abun da aka gasa ne. Riɗi kuma yana cikin abincin da ke tayar wa wasu alaji mai tsanani, har Amurka ta sa shi a jerin abubuwan da dole a rubuta a jikin kaya daga farkon 2023, Tarayyar Turai ma tuni yana cikin nata jerin. In yaro bai taɓa ci ba a fara masa da ɗan kaɗan a sa ido, in aka ga kumburin leɓe ko fuska, ko ƙuraje sun feso, ko numfashi na masa wuya, asibiti kai tsaye ba jira. In kuma za ki sa wa ɗanki a jakar makaranta ki tuna yara suna rabawa da abokansu. Su kansu 'ya'yan ki duba su kafin ki yi amfani da su, duk wanda ya yi fumfuna ko yake warin danshi a zubar, wuta ba ta kashe gubar da fumfuna ke bari.

Roƙona gare ka Malam Edita, duk lokacin da za ku buga girkin da aka ce na lafiya ne, don Allah a sa marubuciyar ta faɗi awon suga da mai da ta zuba da kuma guda nawa kwaɓin ke fitarwa, mu masu karatu ma yi lissafin da kanmu. Na gode da filin da aka ba ni, a gaida ma'aikata.

Taku,
Wata uwar yara huɗu mai karanta jaridarku